Kwance Ƙullin Kalma: Daga Nahawun Indiya Zuwa Zaurukan Zangon Kumasi

Mai tebur a unguwar Asawase ta Kumasi zai sayar maka da maganin sauro. Mai kemis da ke gefensa zai sayar maka da maganin barci. Idan ka zaga bayan masallaci, ba za ka rasa dattijon da zai ce yana da maganin ƙarfe ba. Duka ukun ƙirarsu ɗaya: magani, sai ɗan harafin nan -n, sai wani suna. Amma na farko kashe sauro yake yi, na biyu kawo barci yake yi, na uku kuwa ba ya kashe ƙarfe, ba ya kawo shi. Cewa ake yi yana hana wuƙa cin jiki. Babu Bahaushen da ya taɓa sayen maganin barci don ya kwana ido biyu, babu kuma wanda ya taɓa ɗaura gidan sauro don sauro ya samu makwanci. Kunne yana jin kalmomi biyu, zuciya tana cike abin da baki ya tsallake, kuma daidai take cikewa.

To, mene ne wannan abin da aka tsallake? A ina yake ɓuya, kuma da wace ƙa'ida ake fito da shi? Mutanen da suka fi kowa ɗaukar wannan tambaya da gaske su ne malaman nahawun Sanskirit, tsohon harshen ilimi da addini na Indiya. Abin da ya sa na ga ya dace mu a zango mu san aikinsu shi ne, malamanmu na zaure kullum suna yin irinsa, sai dai Larabci kaɗai suke yi wa. Hausar da suke bayani da ita ba ta samun rabonta.

Jagoran malaman Indiya shi ne Panini, mutumin Shalatura, wani gari da ke cikin ƙasar Pakistan ta yau, kusa da inda kogin Kabul ya haɗu da kogin Indus. Ya rayu tsakanin ƙarni na 5 da na 4 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Littafinsa, Ashtadiyayi, babi 8 ne, da ƙa'idoji kusan 4,000, kowace gajeriya ƙwarai, an tsara su don a haddace kafin a fahimta. Wanda ya taɓa zama gaban malami yana tilawar Alfiya ya san wannan hanyar: matani gajere a ka, sharhi mai tsawo a bakin malam. Bayansa Katyayana ya yi gyare-gyare, sai Patanjali ya rubuta babban sharhinsa, Mahabashiya, wajen shekara 150 kafin haihuwar Annabi Isa. Musulmi ba baƙi ba ne ga wannan ilimi. Albairuni ya koyi Sanskirit, kuma a littafinsa kan Indiya, wanda ya kammala wajen 1030, ya ambaci Panini cikin masana nahawunsu. Kalila wa Dimna da Ibnul Muƙaffa ya mayar Larabci asalinsa Panchatantra ne na Sanskirit, kuma akun nan mai riƙe ɗan sarki da labarai a Magana Jari Ce na Abubakar Imam danginsa suna can cikin hikayoyin Indiya.

Suna a Sanskirit yana sauya ƙarshensa gwargwadon aikin da yake yi a jimla. Ɗalibin Larabci ya san hali uku ga suna: rafa'u, nasabu da jarru. Masu Sanskirit kuwa bakwai gare su, in an haɗa da na kira su zama takwas: mai aikatawa, wanda aka aikata wa, abin da aka yi aiki da shi, wanda aka yi dominsa, inda aka fito, mai mallaka, da wurin da abu yake. Kowane hali kuma yana da siga ta tilo, ta biyu da ta jam'i. Abin da mu muke faɗi da ƙananan kalmomi irin su da, ga, daga, na, cikin, su a wutsiyar suna suke ɗaura shi.

Idan aka zo haɗa sunaye biyu su zama ɗaya, abin da suke kira samasa, wutsiyar na farkon sai ta faɗi. "Rajnah purushah" na nufin mutumin sarki, kuma ƙarshen kalmar farko shi ke nuna mallaka. Da an haɗe sai a ce rajapurusha, alamar mallakar ta ɓace. Gramagata wanda ya tafi ƙauye ne, chorabaya tsoro ne da ke zuwa daga ɓarawo, yupadaru itace ne da aka tanada domin turken yanka. A baki duk iri ɗaya ne, suna ya jingina da suna, amma a farkon an haɗiye "zuwa", a na biyu "daga", a na uku "domin". Aikin ɗalibi shi ne ya mayar wa kowace kalma wutsiyarta, ya shimfiɗa ta jimla cikakkiya. Wannan aikin shi ake kira wigraha. Harɗaɗɗiyar kalma kamar huhun goro take: daga waje ganye ne da igiya, sai an kwance ake sanin fari ne ko ja a ciki.

Abin da ya burge ni a tsarin Panini shi ne bai ce wutsiyar ba ta taɓa kasancewa ba. Cewa ya yi tana nan a asali, wata ƙa'ida ce ta share ta daga furuci, ma'anarta kuma ta zauna. Har ya ware babi ga kalmomin da wutsiyarsu ta ƙi faɗuwa, irin sunan nan Yudishtira, wato mai tsayuwa daram a cikin yaƙi, inda alamar "a cikin" take nan a tsakiya ana jin ta. Mu ma muna da irinsu. Kalmar Ubangiji tana riƙe da giji, tsohuwar sigar gida, wadda ta kusa ɓacewa daga bakin mutane amma ta samu mafaka a cikin harɗi.

Sun raba samasa gwargwadon inda nauyin ma'ana ya faɗa. Idan kalma ɗaya tana yi wa ɗaya hidima, kamar mutumin sarki, sunansa tatpurusha. Himalaya irinsa ne: hima ƙanƙara, alaya mazauni. Sarkin Zango ma nan zai shiga, da jirgin ƙasa, da kuɗin goro. Idan ta farkon siffanta ta biyu take yi, karmadaraya ke nan, kamar maharaja, babban sarki, wanda duk mai kallon finafinan Indiya ya sani. Unguwar Sabon Zango ita ce misalinmu. Idan biyun kafaɗa da kafaɗa suke, dwandwa ne: matapitarau, uwa da uba, da alamar biyu a ƙarshe. Kai-komo namu, da shige-da-fice, sun yi kusa da wannan.

Na huɗun shi ya fi daɗin nazari. Bahuwrihi a zahiri "shinkafa mai yawa" ne, amma ba shinkafar ake nufi ba, mutumin da yake da ita ake nufi. Abin da kalmar take kira ba ya cikin kalmar, yana waje. Pitambara "rawayar tufa" ne a baki, a ma'ana kuwa wanda tufarsa rawaya ce. Mahatma, laƙabin Gandhi, ba babban rai ba ne, wanda ransa yake babba ne. Duk Bahaushe da ya ji wannan zai tuna farar hula. Idan aka ce sojoji sun miƙa mulki ga farar hula, babu wanda ya zaci wata hula aka ɗora a kan kujera. Har nahawun yakan tona asirin: hula tamata ce, amma sai ka ji an ce "mahaifinsa farar hula ne". Wannan "ne" ba hular take bi ba, mutumin da ba a ambata ba take bi. Panini ya lura da daidai wannan a harshensa, cewa bahuwrihi yana ɗaukar jinsin wanda yake siffantawa, ba jinsin kalmar da ke ƙarshensa ba. Shi ya sa har yau masana harsuna a duniya, ko kan Jamusanci suke rubutu ko kan Hausa, da wannan suna na Indiya suke kiran irin wannan harɗi.

Ta yaya mai sauraro zai bambanta tufa rawaya da mai tufa rawaya, tunda haruffan ɗaya ne? A tsohon Sanskirit da karin sauti ake bambantawa, kuma suna da labari a kai cikin littattafan addininsu, wanda Patanjali ya kawo don ya nuna amfanin nahawu. Wani mai suna Twashtar ya yi tsafi yana neman ɗa wanda zai zama Indrashatru, wato makashin Indra, ɗaya daga cikin abubuwan bautarsu. Sai ya ɗaga murya a gaɓar farko maimakon ta ƙarshe, kalmar ta koma bahuwrihi: wanda Indra ne makashinsa. Haka kuwa aka yi a labarin. Almajirin zaure yana da tagwayen wannan labari. Riwayar da ake bayarwa kan asalin nahawu ita ce, Abul Aswadid Du'ali na Basra ya ji wani yana karanta aya ta 3 ta Suratut Tauba, ya yi wa kalmar Manzo wasalin ƙasa maimakon rufu'a, ma'ana ta juye zuwa abin da Musulmi ba zai iya furtawa ba. Al'ummu biyu masu nisa da juna, kowace ta bi hanyarta, amma tsoro ɗaya ne ya haifi nahawunsu: kada wasali guda ya ɓata magana mai tsarki.

Hausa ma da murya take ɗaure harɗinta, ko da yake rubutunmu na boko ba ya nunawa. Faɗi "ya dafa duka", sannan ka faɗi "an yi dafa-duka". A ta farko da- tana sama, -fa tana ƙasa. A ta biyu duka gaɓoɓin sun kwanta ƙasa. Haka "ya hana salla" da hular nan hana-salla. Saukar muryar ita ce sanarwar cewa aikatau ya ajiye aikinsa, ya shiga cikin suna. Yaron da ke tallar koko a Aboabo yana bin wannan ƙa'ida ba kuskure, kuma babu wanda ya taɓa gaya masa akwai ta.

Karatun nahawu ya daɗe a wannan gari. A 1817 Baturen Ingila Bowdich ya tarar da malamai Musulmi a Kumasi zamanin Asantehene Osei Bonsu, suna rubuta wasiƙu da layu. Zangon da muka sani yau ya bunƙasa ne bayan Turawa sun kama Prempeh na ɗaya a 1896 da kuma yaƙin Yaa Asantewaa na 1900, lokacin da fataken goro da tsofaffin sojoji suka zauna. Kafin nan yaƙin basasar Salaga na 1892 ya riga ya watsa malaman wannan babbar kasuwa zuwa wasu garuruwa. Sun zo da littattafan da ake karantawa a Kano da Katsina: Ajurumiya ta Ibnu Ajurum na Fas, wanda ya rasu a 1323, Mulha ta Hariri, Ƙaɗrun Nada na Ibnu Hisham, sai Alfiyar Ibnu Malik, wanda ya rasu a Dimashƙa a 1274. Mai dogon zango a karatu yakan kai ga Albaharul Muhiɗ na Malam Abdullahi ɗan Fodiyo a nahawu, da Alhisnur Rasin nasa a sarfu.

A cikin waɗannan littattafai babin da ya fi kusa da samasa shi ne ilafa. Ka ce gulamu Zaidin, yaron Zaidu. Tanwinin kalmar farko ya faɗi, ta biyu ta karɓi jarru. Sai malam ya tambaya: wane harafi aka ƙaddara a tsakani? Ɗalibi ya ce lam, wato yaro ne na Zaidu. Zoben azurfa fa? Min, wato daga azurfa aka ƙera shi. Sallar dare fa? Fi, wato a cikin dare ake yin ta. Wannan taƙdiri shi ne wigraha, ba ragi ba ƙari. Bambancin kawai, Balarabe ya ƙaddara haruffa uku, mutumin Indiya ya ƙaddara halaye shida. Akwai ma wurin da Larabawa suka zurfafa: idan sunan aiki aka jingina, sukan tambaya ga mai aikin aka jingina shi ko ga wanda aka yi wa. Hausa tana da wannan ruɗani tsaf. "Son uwa" na iya zama son da uwa take yi wa ɗa, na iya zama son da ɗa yake yi mata. "Harbin ɓarawo" bai gaya maka wa ke riƙe da bindigar ba.

Shaidar wannan karatu tana cikin sunayenmu. Abdullahi kalmomi biyu ne, kuma a Larabci ta farkon tana juyawa: Abdu, Abda, Abdi, gwargwadon matsayinta. Hausa ta ɗauki siga ɗaya ta daskarar da ita, daga baya ma ta gutsure ta ce Audu. Abubakar haka: Abu, Aba, Abi ne a littafi, shi ya sa muke cewa Aliyu ɗan Abi Ɗalib, amma babu mai ce wa maƙwabcinsa Abibakar don ya zo bayan "ga". Wasalin u da ke ƙarshen Muhammadu, Umaru da Usmanu rufu'ar rafa'u ce ta biyo su daga allo. A'ishatu, Hadizatu da Ramatu sun taho da ta'in mace da rufu'arta gaba ɗaya. Wannan yana nuna cewa sunayen nan ta bakin masu karatu suka shigo, masu furta i'irabi har ƙarshe, domin Balaraben kasuwa ba ya furta shi.

Akwai wani fage da Hausa ta tsere wa harsunan biyu. Larabawa suna da abin da suke kira harɗin isnadi, inda jimla sukutum take zama suna. Misalin da kowane littafi yake kawowa shi ne laƙabin mawaƙin jahiliyya Ta'abbaɗa Sharran, wato ya saƙale sharri a hammata, kuma hukuncinsa shi ne a bar shi yadda yake ko ina ya faɗa a jimla. Panini ma yana da 'yan kaɗan irinsa, ya tara su cikin jerin waɗanda ba su bin ƙa'ida. Abin da yake tsiraru a wurinsu, a wurinmu kasuwa ce guda. Ƙurajen fuskar saurayi bar-ni-da-mugu ne. Tangaran faɗi-ka-mutu ne. Ƙaramar motar kaya a-kori-kura ce. Gardama ka-ce-na-ce, ɗan jika tattaɓa-kunne, ragon da ba ya nema ci-ma-zaune. Har a sunan yanka da laƙabi: uwar da 'ya'ya suke mutuwa a hannunta takan kira na gaba Abarshi, wanda addu'a ce cikakkiya aka naɗe ta zama suna. Ana cewa "na ga Abarshi", "rigar Abarshi", jimlar ba ta motsi, daidai da hukuncin da Ibnu Malik ya ba wancan laƙabi. A ganina duk wanda zai rubuta nahawun Hausa da idon Bahaushe, wannan babi ba a rataye zai sa shi ba, a tsakiyar littafi zai sa shi.

Yaya ake gane cewa kalmomi biyu sun zama ɗaya? Harshen da kansa yana ba da ma'auni. Ka ce gidan saurona, ba ka ce gidana na sauro ba. Mallakar ta tsallake ta manne a ƙarshe, domin abin ya zama guda. Ba za ka iya cusa sifa a tsakiyar farin ciki ba. Amma wajen jam'i sai ƙullin ya ɗan saki: jirgin sama, jiragen sama, ɗan sanda, 'yan sanda, uwargida, uwayen gida. Kalmar farko tana nan da ranta, tana juyawa kamar Abdu a Larabci. Hana-salla kuwa ko goma ka tara, hana-salla ne. Wato harɗin Hausa hawa-hawa ne, wani ya ƙulle tam, wani sako-sako. Rikicin da muke yi a rubutu, ko a sa karan ɗori ko a haɗe ko a raba, mai gida ko maigida, ci gaba ko cigaba, daga nan ya samo asali. Kuma wani lokaci rabewar ita ce ma'anar: mai gida wanda ya mallaki ginin ne, maigida kuwa ko haya yake yi maigida ne.

Ɗan zangon Kumasi yana da wata dama da ɗan Kano ba shi da ita. Yana fita daga gida yana shiga harshen Tuwi, wanda yake jera harɗinsa sabanin namu. Mu mukan ce Sarkin Asante, shugaban kalma a gaba, kamar Larabci. Masu Tuwi sukan ce Asantehene, shugaban a baya, ba mahaɗi a tsakani, daidai da tsarin rajapurusha. Sunan garin kansa haka yake: kum itace ce, ase ƙarƙashi, Kumase ƙarƙashin itacen kum. Manhyia, fadar sarki, oman ne da hyia, mahaɗar al'umma. Kramo, sunan da suke kiran Musulmi da shi, daga karamoko na Wangarawa ya fito, wato mutumin karatu. Sannan ga abin da cuɗanya ta haifar. Matan da suke dako a kasuwar Kejetia ana ce wa ɗayarsu kayayo: kaya na Hausa, yoo na harshen Ga mai nufin mace, jam'in kuma kayayei bisa ƙa'idar Ga. Rabin kalma namu, i'irabinta na wasu. Tuwonmu ya shiga bakin 'yan ƙasa ya zama tuo zaafi, mahaɗin ya faɗi a hanya. Shinkafa da wake kuwa rabinta aka yar, aka riƙe waakye, alhali shinkafar tana nan a cikin kwano. Yaron da yake juya waɗannan tsare-tsare kafin ya kai shekara goma ya riga ya san nahawun kwatance a aikace. Suna kawai ya rage a ba shi.

Sai dai abin da yake ji daga manya shi ne Hausarsa gurɓatacciya ce. Gaskiya ne Hausar zango ta sassauta bambancin namiji da tamata. Inda Bakano zai ce rigar malam, motar alhaji, a nan rigan malam da motan alhaji za ka fi ji, kuma "ne" ta cinye yawancin wuraren "ce". Ba zango kaɗai ba ne. A Hausar Zazzau da ta Bauchi ma akwai irin wannan. Ba na cewa babu asara a ciki. Wanda ya saki -r zai sha wuya wajen rubuta daidaitacciyar Hausa, kuma wasu wasannin harshe za su wuce shi, kamar yadda 'yar sanda take iya zama ƙaramar sanda ko ma'aikaciya mai kaki. Ya kamata yaranmu su iya Hausar littafi, domin ita ce gadar da ta haɗa su da miliyoyin masu karatu daga Maraɗi zuwa Yola. Amma cewa maganarsu ba ta da ƙa'ida kuskure ne. Tana da ita, ba a rubuta ba ne kawai. Panini, duk da girman da ake ba shi a matsayin mai kafa doka, ya riƙa rubuta cewa mutanen gabas haka suke faɗi, na arewa haka, malam wane kuma ga ra'ayinsa. Patanjali ya fito fili ya ce mai son tukunya wurin magini yake zuwa, amma mai son kalma ba ya zuwa wurin masanin nahawu ya ce ƙera mini. A bakin jama'a ake samun ta. Malaman Basra ma jeji suka riƙa shiga suna sauraron makiyaya.

Akwai kuma gargaɗi a tarihin Sanskirit. Bayan nahawu ya kafu, harshen ya tsaya cik a hannun malamai, jama'a suka ci gaba da nasu harsunan. Marubuta irin su Bana, a ƙarni na 7, suka riƙa tsawaita harɗi har kalma ɗaya ta cika layuka, ba mai kwance ta sai gwani. Ƙwarewa ce, amma ƙwarewar da ta rufe ƙofa. Mu ma mun san ɗalibin da zai yi wa baiti i'irabi tun daga farko har ƙarshe, a ce ya rubuta wasiƙar layi biyar da Larabci ya kasa. Ya haddace sunayen ƙa'idoji, bai taɓa jin cewa ƙa'idar tana bayyana wani abu da shi kansa yake yi in yana magana ba.

Abin takaici, wannan yanki yana da hannu a farkon nazarin Hausa. Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano wajen 1858, ya zauna a Salaga, ya rasu a Kete Krachi a 1934, ya yi rubutu da Larabci da Hausa, almajiransa kuma suka bazu a zangunan ƙasar nan har Kumasi. Shi ne ya karantar da Bajamushen nan Adam Mischlich, wanda ya buga ƙamus na Hausa a 1906, ya kuma rubuta masa tarihi da al'adun Hausawa da ajami. A shekarun 1960 Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Gana da ke Legon ta tattara ɗimbin rubuce-rubucen malamanmu. Daga baya aikin ya koma wasu wurare: Galadanci ya fitar da nahawunsa a 1976, Mustapha Ahmad ya yi digirinsa na uku kan harɗaɗɗun kalmomin Hausa a Indiyana ta Amurka a 1994, Paul Newman ya fitar da babban nahawunsa a 2000. A Gana kuwa gidan rediyon gwamnati yana watsa shirye-shirye da Hausa, amma ba ta cikin harsunan da ake koyarwa a makarantun gwamnati. Tun da aka kafa sashen ilimin Musulunci a ma'aikatar ilimi a 1987, makarantunmu suna koyar da Larabci da Turanci gefe da gefe. Hausa ita ce harshen da ake bayani da shi, ake tsawa da shi, ake wasa da shi a fili, amma ba ta da darasi.

Ba sai an jira gwamnati ba kafin malamin nahawu ya fara babin ilafa da harshen da ɗalibansa suka tashi da shi. Ya rubuta a allo: huhun goro, goron salla, ɗan goro, ruwan goro, ya ce kowa ya kwance. Za su ce huhun da goro yake ciki, goron da ake bayarwa domin salla, mutumin da sana'arsa goro ce. Sannan ya kawo lam da min da fi, ya ce a gwada wanne ya hau wanne. Nan take za su ga wasu sun hau, wasu sun ƙi, kuma daga ƙin ne tambaya take fitowa. Ruwan goro zai fi ba su aiki, domin hawa biyu ne. A hawan farko min ce: ruwan da ya fito daga goro in an tauna. Amma da aka ce "ya sa riga ruwan goro", babu ruwa babu goro, launi ake nufi, sai an ƙaddara "kamar" kafin jimlar ta cika: rigar da launinta yake kamar ruwan da ya fito daga goro. Wasu malaman Larabci na baya-bayan nan, irin su Galayini, sun ƙara kafin kamantawa a kan haruffan nan uku saboda irin wannan gurbi. Panini ya buɗe masa ƙa'ida tun tuni, misalin da ake karantarwa a kanta kuwa shi ne ganashyama, baƙi kamar hadari.